Kujerar da Na Kai Argungu

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato ba a yanke mana tamu ba, na taɓa yin kishi da wani mutum na tsawon makonni ba tare da na ga fuskarsa ba. Iyakar abin da na sani game da shi, yana son turare, yana cin farin goro, kuma yana kishingiɗa a kujerar da ni na ɗauko a bayan babur tun daga Birnin Kebbi. Kwanakin baya wani cikinku ya tambaye ni ko na taɓa yin kishi na gaske, shi ya sa na ce bari yau in ba ku wannan.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin gona, ina zaune da mahaifiyata a Badariya. Abin duniyata biyu ne: babur mai fasasshiyar salansa, wanda in na tayar da shi sai kajin unguwa sun watse, da 'yan littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. Littattafan nan su suka raine ni a fagen so. Daga cikinsu na koyi cewa saurayi na gaskiya ba ya cin abinci in an ɓata masa rai, yana yawan kallon sama, kuma ko yaushe akwai wani mai kuɗi da ke laɓe yana jiran ya ƙwace masa budurwa. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda ruwa na gangarawa fadama.

Yarinyar da nake so kuwa 'yar Argungu ce, 'yar fari a gidansu. Biki ya kawo ta maƙwabtanmu, na gan ta riƙe da littafin da ni ma na karanta, muka yi musu a kan ƙarshensa, daga nan kuma sai na wayi gari na san hanyar Argungu fiye da hanyar ofis. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai in hau babur, in bi ta Ambursa, in isa ƙofar gidansu da la'asar. Akwai darbejiya a ƙofar gidan, nan ake shimfiɗa mini tabarma. Kakarta ce ke karɓata, tsohuwa mai baki, wadda tun ranar farko ta raɗa mini suna angonta. Mahaifinta kuma manomin shinkafa ne, mutum mai fara'a. In na same shi a ƙofa sai mu gaisa, ya tambaye ni labarin taki da ruwan bana, mu ɗan taɓa hira kafin ya shiga ciki a turo ta.

Wata rana tana ba ni labari ta ce ciwon baya ya matsa wa mahaifinta, sunkuyon fadama ya cinye shi, in ya zauna a tabarma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. A littafi samari turare suke kaiwa da agogo. Ni kuwa na ce zan yi abin da ba a taɓa rubutawa ba, zan bi ta bayan uban in shiga zuciyar 'yar.

Na je wurin wani kafinta na sa ya yi mini kujerar kishingiɗa, irin mai naɗewa, katako da tamfol mai ratsin kore. Bari in gaya muku yadda take, don duk labarin a nan yake. A bayanta akwai sanda mai tokare majingina. A ƙafafun baya kuma an sassaƙa gurabu uku kamar haƙoran zarto, inda sandar ke faɗawa. In ka sa ta a gurbin farko, zaune kake sosai, kamar mai jiran alƙali. Na biyu kishingiɗa ne na mai sauraron rediyo. Na uku kuwa kwanciya ce, ƙafa a miƙe, ido a sama, zaman wanda ba ya jin kunyar kowa a wurin. In za ka sauya, sai ka ɗaga majinginar kaɗan, sandar ta fita daga gurbinta, ka mayar da ita inda kake so. Kafintan ya ja mini kunne, ya ce kada a kuskura a ɗaga ta da mutum a kai, musamman a na uku, don bayan na uku babu komai sai ƙasa.

Na ɗaure ta a bayan babur na kai. Na buɗe ta gaban mahaifin yarinyar, ina ta nuna masa gurabun ɗaya bayan ɗaya kamar ni na ƙirƙiro su. Ya duba, ya shafa tamfol ɗin, ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Sai ya koma kan tabarmarsa ya zauna. Juma'ar da ta biyo na tarar da kujerar a naɗe, an jingine ta a bangon zaure. Ta gaba ma haka. Na ce a raina tsohon nan bai san daɗi ba, na haƙura.

Daga nan abubuwa biyu suka sauya a lokaci ɗaya, ni kuwa ban haɗa su ba.

Na farko, na daina ganin mahaifinta. In na tambaya, kaka ta ce, "Ya hita." Wata Juma'ar ta ce, "Ba shi nan, angona, mi kaka nema wurinai? Ba ga ni ba?" Mutumin da muke hirar taki da shi ya ɓace mini kamar an ɗauke shi.

Na biyu, na fara tarar da kujerar a buɗe ƙarƙashin darbejiya. Ba kowa a kai. Kuma a gurbi na uku.

Ranar farko ban kawo komai a raina ba. Na naɗe ta na jingine. Rana ta biyu, da na sa hannu zan naɗe, sai na ji tamfol ɗin da ɗumi. Ba ɗumin rana ba, don a inuwa take. Ɗumin jikin mutum. Na sunkuya, sai ƙamshin turare ya buge ni, irin mai nauyi na manya. A ƙasa ga ɓawon farin goro.

Da yarinyar ta fito muka gaisa, na daure na yi murya irin ta littafi, na ce, "Wa ya zauna a nan?"

Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Na ce, "To wa ya mayar da ita na uku?"

Ta ce, "Ni."

"Ke kika kwanta?"

"A'a, gyarawa dai na yi."

"Wa kika gyara wa?"

Sai na ga kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin gyalen. Dariya take yi. Ta ce, "Ka kawo mini littafin da ka ce, ko ka mance?"

Ban san yadda na koma Birnin Kebbi ba ranar. A hanya sai lissafi nake yi. Da hannunta ta ɗaga majingina, da hannunta ta sa sanda a na uku, don wani ya miƙe ƙafa a ƙofar gidansu. Ni da na kawo kujerar ban taɓa ɗora ko gwiwa a kanta ba, a tabarma nake zama, ƙafa a lanƙwashe, kai a ƙasa. Wane ne wannan da ya samu wuri haka? Kuma uban ya daina fitowa mu gaisa. Ai magana ta fito: an samu wanda ya fi ni, uban na jin nauyin haɗa ido da ni.

Na kai ƙara wurin abokina, wanda muke musayar littattafai da shi. Da a ce mai hankali na samu, da labarin ya ƙare a nan. Ya saurare ni yana girgiza kai, ya ce, "Farin goro? Turare? Mutumina, ɗan kasuwa ne. Irin masu sayen albasa su loda mota zuwa kudu."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Malamin makaranta na kwanciya a na uku a gidan surukai? Sai mai kuɗi. Kuma ina gaya maka da mota yake zuwa."

Kafin mu rabu mun gama ƙera mutumin. Mun ba shi tumbi, mun ba shi haƙorin Makka, mun ba shi mata biyu a Zauro. Na tsane shi tsana mai tsanani. In na ga mota mai kyau a hanyar Argungu sai in bi direban da harara. Na daina cin tuwon dare yadda littafi ya tanada, sai dai in yunwa ta matsa in saci jiki in sha fura. Mahaifiyata ta dube ni wata safiya ta ce, "Kai kuma lafiya kake ta kallon rufin ɗaki? Yoyo yake yi?"

Kowace Juma'a in na je, kafin in zauna sai na ɗaga majinginar na mayar da sanda gurbin farko, da ƙarfi, yadda za a ji ƙarar katako har cikin gida. Saƙo ne nake bar wa mutumin: a nan gidan zama ake yi da ladabi. Kowace Juma'a kuma in dawo in tarar ya ba ni amsa, sanda a na uku, tamfol da ɗumi. Haka muka yi ta yaƙi da shi, ni in ɗaga, shi ya kwantar. Ita kuwa sai ƙara kyau take yi, tana ƙara sakin fuska da ni, ni kuma ina fassara shi da tausayi. Har na fara tsara yadda zan yi in an ɗaura mata aure da shi, zan tsaya a bakin gulbi da yamma, iska na kaɗa mini riga, in jefa littattafanmu a ruwa. Da na tuna na haya ne sai na cire wannan ɓangaren.

Abokina ne ya kawo dabarar. Ya ce, "Kai, ba ka lura ba? Kullum da ɗumi kake samunta. Ƙarar babur ɗinka yake ji tun daga bakin gari ya sulale. Kashe injin, ka turo shi."

Wannan ita ce magana ɗaya tilo ta gaskiya da ya faɗa a duk lamarin.

Juma'ar nan na sa rigata mafi kyau. Tun daga nesa da unguwarsu na kashe babur, na tura shi ina gumi, na jingine shi a wani bango, na ƙarasa da ƙafa. Na zagayo ta bayan darbejiya. Ga kujerata, ta ba hanya baya, a gurbi na uku. Ga ƙafafu biyu a miƙe, ɗaya kan ɗaya. Ga bakin farar riga na jan ƙasa, ga ƙaramar rediyo na magana a hankali, ga ƙamshin nan da na sani. Hula kawai nake hangowa ta saman tamfol, an turo ta gaba ta rufe fuska.

Na tanadi jawabi tun daga Ambursa. Na tsaya a bayansa, na gyara murya, na ce, "Malam, dukiya na sayen mota, amma ba ta sayen zuciya. Kujerar nan da kake kwance a kai, so ne ya kawo ta gidan nan. Tashi mu ga juna!"

Da na ce tashi, sai na kama saman majinginar na ɗaga. Shi kuma jin murya a kansa ya sa ya zabura ya yunƙuro gaba, nauyinsa ya bar bayan kujerar. Na ji sandar ta fita daga gurbi, ƙwas. Ya koma baya don ya ga mai magana. Bayan na uku kuwa, kamar yadda kafinta ya faɗa, babu komai sai ƙasa.

Kujera ta baje. Sanda ta karye. Hula ta gangara ta tsaya a ƙafata. Na duba, sai ga mahaifin yarinyar kwance a kan tamfol, yana kallona daga ƙasa.

Na zube a kan gwiwoyina. "Baba... sannu Baba... wallahi Baba..." Iyakar abin da ya fito ke nan. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya tanadi wannan shafin.

Bai ko ƙara dubana ba. Ya kawar da fuska, ya dafa gindin darbejiya, ya miƙe a hankali yana riƙe da ƙugu, ya shige zaure ba takalmi, ba hula, rediyo na ta magana ita kaɗai.

Kaka ce ta fito, hannu a haɓa. Ta dubi kujera, ta dubi hula, ta dube ni a durƙushe. Ta ce, "Angona, mi yah haɗa ka da ɗana?"

Na ce, "Kaka, na zaci wani ne."

"Wani wa?"

"Wani... mai albasa."

Tsohuwar nan ta zauna a dokin ƙofa ta yi dariya har da tari. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai wanga yaro, boko ya cinye ma kai. Ɗiyar fari ta, ba ka sani ba? Da shina ganinka baƙo, ai zama shikai ku yi hira. Ran da yac ce mini ya yarda da kai, ran nan kaz zama suruki. Ina shi ina haɗa ido da kai? Ina shi ina kwanciya bisa kujerarka kana gani? Shina jin wagga tsiyar babur taka shi tashi shi shige, ko goro bai gama tamnawa. Mutum na gudunka don kunya, kai ko ka biyo shi da sanɗa ka kayar."

Na ce, "Ya yarda da ni? Kaka, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "In gaya ma ka daina kawo mini goro? Tashi ka tahi gida. Yau ba ta hitowa."

Ba ta fito ba kuwa. Na tura babur ɗina har bayan gari kafin na iya tayar da shi, wannan karon don kunya.

Juma'a biyu ban je Argungu ba. Yanzu kam na daina cin abinci da gaske, ba na littafi ba. Mutumin da na tsana babu shi, ni na ƙera shi, amma abin da na yi tsoron ya ƙwace mini na miƙa da hannuna. Wa zai ba da 'yarsa ga wanda ya kayar da shi a ƙofar gidansa, ranar Juma'a, da farar riga? Abokina ya zo jaje, ya ce shi dama tun farko bai cika yarda da maganar mai albasa ba. Na nuna masa ƙofa.

Wata ranar aiki na dawo daga ofis, ina shiga gida sai na ga kujerar a tsakar gidanmu, a naɗe, an ɗaure karyayyiyar sandar a jikinta da igiya. Kowa ya san ma'anar a maido wa saurayi kayansa. Sai na ji muryar kaka a ɗakin mahaifiyata, suna dariya. Ashe ta shigo motar kasuwa ta zo da ita da kanta.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Mahaifiyata ko kallona ba ta yi ba, sai share hawayen dariya take yi da bakin zane. Kaka ta ce, "Saƙo anka ba ni. Ya ce tun da anka karya mai kujera bayanai bai bar shi barci ba. A gyara a maido."

Na ce, "Gobe-goben nan zan kawo, Kaka."

Ta ce, "A'a. Ya ce kada ka kawo da kanka, bai shirya wata faɗuwa ba. Ka ba kawunnanka su kawo."

Sai da mahaifiyata ta ce, "Kai, ba ka ji abin da aka ce ba ne?" sannan na gane. Kawunnaina biyu suka tafi Argungu neman aure da goro da alewa, da kujera a saman mota. Kafinta ya sa mata sabuwar sanda, ya kuma ƙara wani ɗan katako a bayan gurbi na uku, wai saboda irina.

Bayan aure na tambayi amaryar tawa me ya sa ta bar ni ina ta haukata. Ta ce, "To in ce maka me? In ce Baba na jin kunyarka don ya ba ka ni? Da wane bakin?" Sai ta ƙara da cewa, "Kuma kishin ya yi maka kyau."

A hankali ne na fahimci sauran. Ita 'yar fari ce, mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya hira da ita, ba ya dariya in tana wurin. Amma tun da ya fara zama a kujerar nan, kowace la'asar ita ke fito da ita. Tana leƙensa ta zaure in yana dawowa daga fadama ko masallaci. Daga tafiyarsa take gane yadda bayan ya kwana. In yana taku sosai, ta sa a na biyu. In yana jan ƙafa, ta sa a na uku. Ta shige kafin ya iso. Shi kuma ya zo ya zauna, bai taɓa sauya inda ta sa ba. Hirarsu ke nan, uba da 'ya, kuma ni nake zuwa kowace Juma'a ina mayar da ita gurbin farko da ƙarfi.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, Allah ya jiƙansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban ƙara ganinsa a kan kujerar ba. Na sauya babur, na sayi mai shiru, amma ko yaushe zan je sai in yi ta danna oda tun daga bakin unguwa, in ba shi lokaci. In iso in tarar da tamfol da ɗumi, in zauna a tabarma.

Da aka raba kayansa, ita ba ta nemi komai ba sai kujerar. Tana nan a barandarmu, an sauya mata tamfol ya fi sau nawa, katakon dai shi ne. Wani lokaci da la'asar sai in ga ta fito da ita, ta ɗaga majingina, ta sa sanda a na uku, ta tsaya tana kallonta kaɗan kafin ta koma aikinta. Ba ta zama. Ni ma ba na zama.

Mun tsufa tare, ta san yawan sukarin da nake so a shayi, ta san fushina tun daga sallamata. Amma ban taɓa ganin ta leƙa ta taga tana karanta tafiyata yadda take karanta tasa ba. Na taɓa gwada jan ƙafa da gangan da na shigo gida, ta dube ni ta ce, "Takalmin ne ya matse ka?"

To ga amsarka, kai da ka yi tambaya. Mai albasa dai babu shi. Amma mutumin da ke kishingiɗa a kujerata, wanda take gyara wa da hannunta, yana nan, kuma ya riga ni. Har yau in na wuce na ga sandar nan a gurbi na uku, sai in ji ɗan abin nan ya motsa a ƙirjina. Sai in yi masa addu'a, in ɗauko tabarmata.